Keken Tsohon Mai Kai Wasiƙu

Gyaran keke na gada wurin mahaifina, kuma a rumfarshi ta bakin kasuwar Kankara na ci gaba da zama bayan ya rasu. Ina da shekara talatin da 'yan kai lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa ƙasar nan. Ina da mata da 'ya'ya uku, da gonar da ba ta kai mu shekara. Ba a daɗe da canza kuɗi ba, mutane na karɓar naira amma bakinsu bai daina lissafi da fam da sule ba.

Mu dai ba mu ga fetur ɗin da idonmu ba, sai abin da ya jawo. Aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi, aka haɗa masu da na watannin baya a dunƙule. Kafin ka ce me, malaman makaranta da malaman asibiti da akawun kotu duk sun hau babur, 'yan kasuwar auduga suka bi bayansu. Keke, wanda a zamanin mahaifina sai mai hali, ya koma abin hawan wanda bai samu ba. Wanda ma ya rage a kan keke sabo yake so, mai ƙyalli, marar nauyi. Tsofaffin kekunan Ingila, baƙaƙen nan masu nauyin tsiya, aka riƙa jingine su bayan rumbu kaji na hawa kansu. Ranar kasuwar Yankara sai ka ga an jera su, naira goma sha biyar, naira ashirin, babu mai ko tayawa. Aikina ya ja baya ƙwarai. Akwai ranar da zan wuni ban yi abin da ya wuce faci biyu ba.

Ana cikin haka wata rana wani injiniya ya tsaya da motarshi gaban rumfata. Bahaushe ne, mutumin wajen Zariya, yana aiki da kamfanin da ke gyaran hanya, masaukinshi kuma a Faskari. Ba gyara ya kawo ba. Wani tsohon ƙarfen keke ya hango rataye a jikin rumfar, wanda nake cirar kaya a jikinshi ina liƙa wa wasu. Ya sa na sauko da shi, ya kankare tsatsar ƙarƙashin sirdi da makullin motarshi, ya karanta wata lamba da ban taɓa kula da ita ba, ya ce mani wannan ƙarfe ya girme ni.

Ya zauna kan benci muka yi hira mai tsawo. Ya ce a Ingila, inda ya yi karatu, akwai mutanen da ba su da abin sha'awa sai tara tsofaffin kekuna, ba don su hau ba, don dai su adana su, su san shekarar da aka ƙera kowanne da hannuwan da ya bi. Ya ce shi ma abin ya kama shi tun yana can, da ya dawo kuma ya ga irin waɗanda ake nema ruwa a jallo a can su ne mu muke barin kaji su ɓata. Ya roƙe ni in riƙa nemo mashi. Sharaɗinshi ɗaya ne: kada in yi fenti, kada in canza ko ƙusa ɗaya. Yadda na samu keke, haka zan kawo shi.

Na ɗauka taɓin masu ilimin boko ne, har sai da ya biya ni na farko ninki uku na abin da na saya, bai ko nemi ragi ba. Daga nan na shiga yawon kasuwanni, Yankara da Ketare da Faskari, wani lokaci har ƙauyukan da mota ba ta shiga. Ban gaya wa ko ɗaya daga cikin abokan sana'ata ba. Zuciyata kuma ba ta dame ni ba, don ciniki ne a fili: mai keke ya sa suna, in taya, ya ce albarka, in ƙara, ya sallama. Da ban zo ba ma da ba wanda zai dubi kayanshi. Cikin watanni kaɗan na kai wa injiniya kekuna shida ko bakwai, na rufe ɗakin matata da kwano.

Amma duk cikinsu babu wanda ya cika mashi ido. Wannan an canza mashi sirdi, wancan ba fitila, wani an shafe shi da fentin ƙofa. Wata rana a masaukinshi ya nuna mani hoto a cikin wani littafi, ya ce irin wannan yake mafarkin samu cikakke: sarƙarshi a rufe cikin gidanta, sirdin fata, fitila da famfo da 'yar jakar kayan gyara duk na asali, da siririn layin ruwan zinariya a jikin baƙin fentin. Ya ce in na samo shi zai ba ni naira ɗari uku.

Na dubi hoton. Na san keken, na kuma san ɗakin da yake.

Na wani tsoho ne a Sabuwa, aminin mahaifina, wanda tun ina yaro ban san sunan da zan kira shi ba sai Baba. Kusan shekara talatin ya yi yana kai wasiƙu da takardun hukuma tsakanin Funtuwa da Faskari da Sabuwa, har zuwa Kankara, tun zamanin Turawa. Da ƙafa ya fara, jaka a kai. Shekara shida ya yi yana tari kafin ya sayi keken sabo fil, kuma daga ranar ba wanda ke taɓa shi sai mahaifina. Duk sati biyu sai ya biyo ta rumfarmu, su ci tuwo kwano ɗaya, mahaifina ya kwance ƙafafun ya sa giris. Da mahaifina ya rasu, a kan wannan keken Baba ya taho tun daga Sabuwa, ya yi kwana bakwai a zaurenmu yana karɓar gaisuwa. Shi ne kuma ya shige gaba aka nemo mani aure. Sai dai tun da ya bar aiki ƙafarshi ta ɗauke, ni ma hidima ta sha kaina, har na yi shekara biyu ban leƙa shi ba.

Na shiga motar kasuwa zuwa Sabuwa, lokacin ana tsakiyar cirar auduga. Allah ne shaidata, niyyar da na bar gida da ita ita ce in gaya mashi gaskiya: ga wani mai sha'awa ya sa kuɗi kaza, in ya yarda a sayar ya ba ni la'adata kamar kowane dillali. Duk hanya abin da nake maimaitawa ke nan.

Na same shi a zaure kan buzu, ya rame, idanunshi duka biyu sun yi fari da yana. Da muryata ya gane ni. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, yana tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Ɗiyarshi ce ke kula da shi, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ta kawo mani fura, ta ce rabon Baba da ya fita ƙofar gida shi kaɗai tun damina.

Ban kai ga buɗe baki ba shi ya fara maganar. Ya ce Allah ne ya kawo ni. An gaya mashi a Kano akwai asibitin da ake cire yanar ido mutum ya koma gani, kuma ba shi da abin da zai sayar ya yi guzuri sai keken nan. Ya sa Yaya ta fito da shi. A ɗakinshi yake, an ɗora shi kan duwatsu don kada tayoyin su taɓa ƙasa, an lulluɓe da tsohon zane. Ko da bai gani, duk Juma'a sai ya lalubo tsumma ya goge shi. Da ta yaye zanen na matsa kusa na duba shi. Ya fi na cikin littafin kyau.

Ya ce wani mai shayi a nan Sabuwa ya taya naira goma sha biyu, shi kuma bai san ko an cuce shi ba ko ba a cuce shi ba, tunda kuɗin ma sababbi ne, bai gane kansu ba.

"Kai ne ɗana, kai ka san ƙarfe," ya ce. "Faɗa mani tsakaninka da Allah, mi wanga keke ya kai?"

Har yau ina iya tuna abin da ya gilma mani a rai a wannan ɗan lokacin. Babur ne. Sa'o'ina duk sun hau, ni mai gyaran keke ina bin motar kasuwa da kwandunan kaji. Sai wata murya a cikina ta ce ai ɗari ukun nan ba farashin keke ba ne, haukan mutum ɗaya ne, kuma ni na wahala na samo mutumin. Na ce wa Baba irin wannan a Yankara ba ya wuce naira ashirin. Ban yi ƙarya ba, haka ake sayar da su. Na ƙara da cewa ni zan saya ashirin da biyar, saboda abin da ke tsakaninshi da mahaifina.

Ya yi ta sa mani albarka har na rasa inda zan sa idona. Ya ce dama ya fi so keken ya koma hannun gida. Ya lalubi kan keken, ya shafa sirdin, ya gaya mani birkin baya yana son a kama shi a hankali, kada a fizga. Yaya ta ɗauko famfon da 'yar jakar kayan gyara ta miƙa mani. Na ɗora keken kan buhunan auduga a bayan mota, na zauna kusa da shi na riƙe don kada ya goge. A Faskari na sauka.

Injiniya ya zagaya keken ya fi sau goma. Daga baya ya durƙusa ya juya feda da hannu, ya kara kunne yana sauraren sarƙar. Ya shiga ɗaki ya fito da kuɗin cif. Kafin sati ya zagayo na je Funtuwa na sayo babur, ba sabo ba amma mai lafiya. Da na shigo da shi gida matata ta yi mani Allah ya sanya alheri, sannan ta tambaye ni nawa na ba Baba. Na ce mata ciniki muka yi, ya sallama da bakinshi. Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗenta. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma ba ta taɓa ce mani in ɗauke ta a babur ɗin ba, ko ranar da za ta unguwa mai nisa.

Bayan kamar wata ɗaya direban motar Sabuwa ya tsaya shan ruwa kusa da rumfata, shi ya ba ni labari. Baba da Yaya sun je Kano. Sun tarar da jama'a daga ko'ina, an duba shi, an ce aikin zai yiwu, amma layi ya yi tsawo, sai ya jira sati uku. Ba su san kowa ba a birnin. Kuɗin mota na mutum biyu, da wurin kwana, da abinci, da maganin ɗigawa da aka rubuta, kafin kwana goma guzurin ya ƙare. Da kyar suka tsira da na motar dawowa. Direban ya ce tsohon bai yi ƙorafi ba, cewa ya yi lokaci ne bai yi ba.

Na yi niyyar zuwa. Kullum sai in ce gobe. Abin da ya riƙe ni shi ne, in na je da kuɗi masu yawa me zan ce mashi, daga ina na samo, kuma don me sai yanzu? In na je hannu sake kuma, da wane ido zan dubi Yaya, ga ni a kan babur? Haka na yi ta jan ƙafa har rani ya shigo.

Injiniya yana da wata al'ada. Kowane keke yana da katinshi, inda yake rubuta wanda ya fara mallakarshi da irin aikin da ya yi. Na kasuwa ba a san tarihinsu ba, amma wannan ya matsa yana so ya ji daga bakin mai shi. Sau biyu ina ce mashi tsohon ba shi da lafiya. Rannan da hantsi sai ga shi a rumfata, ya ce aiki zai kai shi wajen Sabuwa, in shigo mu tafi in nuna mashi gidan. In ma rashin lafiyar ce, ai gaisuwa ta kama. Na rufe akwatin kayan aikina na shiga motar.

Baba ya yi murna da baƙon ƙwarai. Da ya ji abin da ya kawo shi sai ya gyara zama, muryarshi ta dawo kamar ta da. Ya ba da labarin yadda yake ɗaukar keken a kai ya ƙetare rafi da damina, jakar wasiƙu ɗaure a wuya. Ya faɗi ranar da kura ta bi shi a dajin da ke tsakanin Faskari da Sabuwa, da yadda matan ƙauye ke tare shi a hanya ya karanta masu wasiƙun 'ya'yansu da suka tafi aikin soja. Injiniya na ta rubutu. Ni ina gefe ina saurare. Baba bai yi mamakin cewa na sayar ba. Ya ce ai sana'ata ce, kuma ya ji daɗi da keken ya faɗa hannun wanda ya san darajarshi.

Har mun kusa tashi. Injiniya ya rufe littafinshi, cikin jin daɗi ya ce, "Baba, yanzu da na ji wannan tarihi, naira ɗari ukun nan da na biya gani nake ma na saya da araha."

Yaya tana bakin ƙofar cikin gida da kwanon ruwa a hannu. Na ga ta tsaya cak. Baba bai motsa ba. Fararen idanunshi na kallon bango, yatsunshi suka tsaya a kan carbi.

"To, madalla," ya ce. "Allah ya amfana. Ai yaron nan ya kyauta mani."

Injiniya bai fahimci komai ba. Ya ajiye goro da 'yan kuɗin gaisuwa, ya fita wajen mota. Na durƙusa zan yi sallama, Baba ya lalubo hannuna ya riƙe, ya rage murya yadda baƙon ba zai ji ba.

"Da ka zo ka taya na sallama, da ba ni da ta cewa, ko dubu ka samu. Amma ni ban ce nawa za ka saya ba. Cewa na yi mi ya kai."

Ya saki hannuna. Ya ce in gaida gida.

Ban san yadda muka iso Kankara ba. Injiniya na ta zancen tsohon a hanya, yana cewa irin waɗannan mutane sun ƙare. Sai da muka kusa gari na gaya mashi abin da na biya. Ya rage gudu ya dube ni, ya ce shi ma da laifinshi, tunda bai taɓa tambayata yadda nake sayowa ba, kekunan kawai yake kallo. Ya ce zai mayar wa tsohon da kekenshi in hakan zai gyara. Na ce makaho me zai yi da keke, ido yake nema.

Kwana biyu bayan haka na je wurin wani malami a Faskari da mahaifina ke ɗaukar karatu wurinshi. Na so in ji ko akwai wata kafa. Na tsara mashi maganar kamar ta wani ce daban, ya saurara har na gama. Ya ce riba ba ta da iyaka in mutum biyu sun haɗu a kasuwa kowa na kare kanshi. Amma wanda ya ce maka ban sani ba, faɗa mani, ya riga ya ajiye ciniki ya ɗauko amana, kuma amsar da za ka ba shi ita ce duk abin da ka sani, ba rabin da ya yi maka daɗi ba. Sannan ya ce in gaya wa mutumin nan da nake ba da labarinshi ya hanzarta, don tsofaffi ba su jira.

Na sayar da babur ɗin da asara, na cika da abin da ke hannuna, na koma Sabuwa. Na durƙusa gaban Baba na faɗi duk abin da ya faru, tun daga hoton cikin littafi. Na ajiye kuɗin a kan buzunshi, na ce gobe in ya yarda ni da kaina zan kai shi Kano, in zauna da shi har a gama.

Ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama ya ce ya yafe mani, duniya da lahira, saboda mahaifina. Amma kuɗi ba zai karɓa ba; ya riga ya sallama, kuma shi bai taɓa sallama abu ya dawo yana neman ƙari ba. Kano kuwa ya ce ya je ya dawo, ƙafarshi ba za ta sake ɗaukar wannan tafiya ba. Na roƙa, Yaya ta sa baki har da kuka, ya ce a bar maganar. Ya tura kuɗin da bayan hannu har suka sauka daga kan buzun. Duk zaman nan Malam yake ce mani. Tun da nake bai taɓa kirana da haka ba.

Na bi Yaya cikin gida na ce ta karɓa ta ɓoye. Ta ce ba za ta iya riƙe kuɗin da ya ƙi ba a cikin gidanshi. Da kyar muka daidaita a kan hatsi: in riƙa aiko da dawa da gero ta hannun direba, ita kuma ta ce daga dangin mijinta ne. Haka aka yi. Duk bayan 'yan watanni sai in aika buhu, da kaka in aika biyu. Nakan je gaisuwa lokaci lokaci. Yana amsa mani da kyau, ya tambayi yara, ya yi addu'a, amma hirar ba ta wuce nan. In na daɗe sai ya ce kada mota ta bar ni.

A wannan tsakanin sana'ar tsofaffin kekuna ta lalace. Labari ya bazu cewa akwai mai saye da tsada, kowa ya zama dillali. Aka riƙa haɗa ƙarfen wannan da ƙafar wancan, a zana layin zinariya da gashin kaza, a shafa ƙasa don ya yi kama da tsoho. Wasu suka bi gidajen da aka yi rasuwa suna saye daga hannun magada kafin a san abin da ake ciki. Mutanen ƙauye kuma da suka farga sai kowa ya ɗora wa ruɓaɓɓen kekenshi kuɗin saniya, har talakan da ke neman na zuwa gona ya kasa saye. Injiniya ya gaji ya daina karɓa. Da aikin hanya ya ƙare aka mayar da shi wani wuri, ya kwashe kekunanshi a babbar mota. Ya biyo ta rumfata ya yi mani sallama, ban sake ganinshi ba. Mutane da yawa suka kwana da tarin ƙarafa da ba mai so.

Baba ya yi shekara biyu da wani abu bayan wannan. Ganin da ya rage mashi, na bambance rana da inuwa, shi ma ya tafi. Ya rasu da farkon damina, ranar wata Talata. Saƙo bai iso ni da wuri ba, ga hanya ta ɓaci da ruwa, ko da na isa an riga an kai shi. Na zauna a zauren tare da maƙwabta har aka yi addu'ar uku.

Ranar da zan tafi na shiga yi wa Yaya sallama. Na ce mata hatsin ba zai tsaya ba, zan ci gaba da aikowa. Ta ce in bari, za ta koma wurin ɗanta a Dandume. Tana murza bakin zanenta, ta ce akwai abin da ba ta so ta tafi da shi a ciki. Baba ya gane tun buhun farko. Ya damƙi dawar ya murza a hannu, ya ce wannan ba ta ƙasar Sabuwa ba ce, kuma dangin mijinta ba su taɓa aiko da ko zangarniya ba. Ya ce a karɓa, kada a mayar a kunyata yaron a idon direba. Amma ya hana a dafa a gidan. Duk buhun da ya zo, ita ke auna shi kwano kwano ta kai wa maƙwabta da ba su da shi, a ce sadaka ce daga wani bawan Allah.

Na tambaye ta to su me suke ci duk tsawon lokacin nan. Ta ce tana saƙa faifai, tana kuma yin daka a gidajen mutane.

Na fito na tsaya bakin hanya jiran mota. Ruwa ya fara saukowa, na matsa ƙarƙashin rumfar wani mai sayar da kananzir. Motar ba ta zo ba sai bayan la'asar, kuma a cike take, a baya na samu wuri tsakanin buhunan taki. Washegari na buɗe rumfa kamar kullum. Wani manomi daga Ketare na jirana da keken da ƙafarshi ta baya ta karkace, na zauna na kwance ta.